Makarantar Georgetown Prep ta Yara Maza: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinta da Zaman Ɗalibanta

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin iyaye, ɗalibai da malamai masu son sanin yadda makarantun Katolika na yara maza suke a Amurka. An ɗauki Georgetown Prep a matsayin misali saboda ita ce ta fi daɗewa a cikinsu. Inda magana ta shafi dukkan makarantu irinta, an faɗi haka.

Me ake nufi da "Prep" a sunan makarantar?

Wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar Hausa, da ya ji "firef" sai ya tuna karatun dare da ake yi a aji bayan cin abinci. A Amurka ma'anar daban take. Kalmar na nufin sakandare mai zaman kanta wadda aikinta shi ne share wa yaro fagen shiga jami'a. Shekara huɗu ake yi, daga aji na 9 zuwa na 12, yara 'yan shekara 14 zuwa 18. Idan aka kwatanta da tsarin Najeriya, aji na 9 shi ne ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, sauran ukun kuma su ne babbar sakandare.

A Ingila kuma wannan suna na makarantar ƙananan yara ne, 'yan shekara 8 zuwa 13. Mai bincike a intanet ya kula, kada ya gauraya su.

A ina take, kuma yaya girmanta?

Tana North Bethesda a jihar Maryland, bakin titin Rockville Pike, arewa da birnin Washington. Filinta ya kai kimanin eka 90. Tashar jirgin ƙasa ta Grosvenor-Strathmore na kusa da ƙofarta, don haka ɗalibai da dama a jirgi suke zuwa daga cikin birni. Ɗalibanta wajen 500 ne, duk maza. Mafi yawansu 'yan jeka-ka-dawo ne. Masu kwana ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ita kaɗai ce makarantar kwana da ƙungiyar Jesuit ta limaman Katolika ke da ita a Amurka.

Wa ya kafa ta, kuma me ya sa?

John Carroll ne, a 1789, shekarar da aka naɗa shi bishop na farko na Katolika a Amurka. Dalilinsa na da tushe a tarihin Maryland. Iyalin Calvert, waɗanda Katolika ne, su suka kafa yankin a 1634, amma bayan 1689 mulki ya koma hannun Furotesta, aka yi dokokin da suka hana Katolika buɗe makarantu. Masu hali sai su sa 'ya'yansu a jirgin ruwa zuwa Turai. Carroll kansa yana ɗan shekara goma sha uku aka tura shi makarantar St Omer da ke arewacin Faransa, bai sake ganin gida ba sai bayan fiye da shekara ashirin. Da Amurka ta sami 'yanci, abin da ya fara sa wa a gaba shi ne makaranta a gida, don kada wani yaro ya sake wannan tafiya.

Ɗalibin farko, William Gaston, ya iso daga North Carolina a 1791, tun ginin bai gama kammala ba. Shi ne daga baya, yana ɗan majalisar tarayya, ya gabatar da ƙudurin da ya ba makarantar izinin ba da digiri a 1815. Tun a takardar farko da Carroll ya fitar yana neman gudummawa, ya rubuta cewa za a karɓi ɗalibai na kowane addini. Dubi tambayar da ke kan yaron da ba Katolika ba.

Su waye 'yan Jesuit?

Ƙungiya ce ta limaman Katolika da 'yan'uwa maza waɗanda ba sa aure, suka ɗauki alkawarin talauci, tsarkin kai da biyayya. Ignatius na Loyola, tsohon soja ɗan yankin Basque a Sifen, shi ya kafa ta, Fafaroma Paul na Uku ya amince da ita a 1540. Ba da niyyar koyarwa suka fara ba, amma tun da suka buɗe makaranta a Messina ta Sisili a 1548, aikin ya zama abin da aka fi sanin su da shi. A 1599 suka fitar da kundin tsarin karatu mai suna Ratio Studiorum, wanda ya tsara komai: jerin azuzuwa, yawan bita, gasa tsakanin ɗalibai, muhawara, wasan kwaikwayo. Burbushinsa na nan har yau.

Akwai abin mamaki a tarihin kafuwar Georgetown. Fafaroma Clement na Sha Huɗu ya rushe ƙungiyar a 1773, saboda matsin lambar sarakunan Fotugal, Faransa da Sifen. Ke nan a 1789 babu Jesuit a hukumance. Carroll da abokansa tsofaffin 'yan ƙungiyar ne da suka riƙe gonakinta a Maryland. A 1805 wasunsu suka sake ɗaukar alkawari ta hanyar reshen da ya tsira a Rasha, sannan Fafaroma Pius na Bakwai ya maido da ƙungiyar a duniya baki ɗaya a 1814.

Ita ce Jami'ar Georgetown?

A'a, amma uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shekara 130 ƙananan yara da manyan ɗalibai suna harabar guda a unguwar Georgetown, bakin kogin Potomac, kuma a shekarun farko ƙananan ne suka fi yawa. Da jami'ar ta bunƙasa, zaman yaro ɗan sha huɗu kusa da saurayi ɗan ashirin da biyu ya zama matsala ga kowa. A 1919 aka kwashe sashen yara zuwa wurin da yake yanzu, wanda a lokacin ƙauye ne, kuma a 1927 aka raba su a shari'a. Yau kowace da hukumarta da asusunta. Gama Prep ba ya ba yaro tabbacin gurbi a jami'ar. Sai ya nema kamar kowa.

Gaskiya ne makarantar ta ci moriyar cinikin bayi?

Gaskiya ne. Gonakin taba na 'yan Jesuit a Maryland, waɗanda bayi baƙar fata ke nomawa, su ne suka ɗauki nauyin makarantar tun farko. A 1838, bashi ya yi wa Georgetown katutu, sai shugabannin ƙungiyar biyu, Thomas Mulledy da William McSherry, suka sayar da mutum 272, maza da mata da yara, ga masu gonaki a Louisiana kan dala 115,000. Wani ɓangare na kuɗin aka biya bashin da shi. Hedikwatar ƙungiyar a Rum ta gindaya sharaɗin kada a raba iyalai, ba a kuwa cika shi ba. Tunda a lokacin sashen yara da na manya abu ɗaya ne, tarihin ya shafi Prep kamar yadda ya shafi jami'ar. A 2017 jami'ar da 'yan Jesuit suka nemi gafarar zuriyar waɗanda aka sayar a bainar jama'a.

Wa ke tafiyar da makarantar yau? Limamai ne ke koyarwa?

Kaɗan ne. Yawan 'yan Jesuit a Amurka ya ragu ƙwarai tun daga shekarun 1960, don haka malaman aji yawancinsu maza da mata ne masu iyali, wasu ma ba Katolika ba. Tsarin da makarantun Jesuit ke bi shi ne a raba aiki biyu: shugaba, wanda ke kula da manufa, kuɗi da hulɗa da tsofaffin ɗalibai, sai hedimasta, wanda karatu da malamai ke hannunsa. A samansu akwai hukumar amintattu. Ladabtarwa kuma ofis ne mai zaman kansa. Uban da ke da ƙorafi kan maki ya nufi malamin darasin tukuna, sannan ofishin karatu. Kai wa shugaba ƙarar sakamakon gwaji ɓata lokaci ne, zai maido ka inda ka tsallake.

Yaya ranar ɗalibi take?

Ana shiga aji wajen ƙarfe takwas na safe, a tashi wajen uku, Litinin zuwa Juma'a. Kwat da laktaye ake sawa. Ba malami ke zuwa ajin yara ba; kowane malami da ɗakinsa, ƙararrawa na kaɗawa yara su kwashi jaka su bi baranda zuwa darasi na gaba cikin 'yan mintoci. Sabon shiga yakan yi mako biyu yana ɓata hanya. Azuzuwan ƙanana ne, ba sa kai yara ashirin a yawancin darussa, saboda haka wanda bai yi karatun jiya ba babu bayan da zai laɓe.

Wata tsohuwar al'adar makarantun Jesuit ita ce ɗalibi ya rubuta haruffa huɗu, AMDG, a saman takardarsa kafin ya fara aiki. Taƙaitawa ce ta jimlar Latin mai nufin "don ƙarin ɗaukakar Allah". Bayan tashi sai filin wasa har kusan magariba, sannan aikin gida na awa biyu zuwa uku. Shekarar karatu na farawa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ta ƙare ƙarshen Mayu ko farkon Yuni.

Waɗanne darussa ake yi, kuma me ya kawo Latin?

Turanci, lissafi da ilimin addini duk shekara huɗun ake yin su. Sai kimiyya mai gwaje-gwaje, tarihi, zane ko kiɗa, wani harshe na zamani kamar Faransanci ko Sifaniyanci, da Latin na shekara biyu. Manyan ɗalibai na ɗaukar darussan AP, masu nauyin shekarar farko ta jami'a, waɗanda ake jarrabawarsu a watan Mayu, ana ba da maki daga 1 zuwa 5.

Iyaye da yawa na tambayar amfanin harshen da babu mai ciniki da shi a kasuwa. Amsar malaman ita ce horo. A Latin ƙarshen kalma ne ke nuna wa ya yi aiki, wa aka yi wa, don haka yaro ba zai fassara jimla ba sai ya warware ta gaɓa-gaɓa. Wanda ya yi nahawun Larabci a zaure, ya sha i'irabi, ya san wannan wahalar kuma ya san ribarta. Inda yara ke faɗuwa shi ne hadda: jadawalin sauye-sauyen suna da aikatau ba ya karɓar karatun daren jarrabawa. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, kuma wanda ya bari watan farko ya wuce shi zai ja ƙafa har ƙarshen shekara.

Mene ne JUG? Ana duka?

Ba a duka. JUG sunan da makarantun Jesuit na Amurka ke kiran horon tsarewa bayan tashi. Ɗalibai kan ce taƙaitawa ce ta "adalci a gaban Allah" da Turanci, amma an fi danganta ta da kalmar Latin jugum, wato karkiyar da ake ɗora wa shanun noma. Makara, rashin laktaye, fito da riga waje, taɓa waya a aji, duk suna jawo shi. Yaro zai zauna shiru ko ya yi rubutu ko wani ɗan aiki na kusan awa guda. Zafinsa ba a zaman yake ba: wanda aka tsare ya rasa atisaye, koci kuma ba ya sa wanda bai yi atisaye ba a wasa.

Laifukan da ke kai ga dakatarwa ko kora daban suke: satar amsa, kwafe rubutun wani a ce nasa ne, giya, ƙwaya, cin zalin ɗan'uwa. Na biyun shi ya fi kama baƙi. Dubi tambayar da ke kan abin da ke kayar da sabon ɗalibi.

Yaron da ba Katolika ba, musamman Musulmi, zai iya zama a can?

Ana karɓar sa, kuma ba a neman ya sauya addini. Tun bayan sanarwar Nostra Aetate ta 1965, matsayin Cocin Katolika a hukumance shi ne girmama Musulmi da Yahudawa. Sai dai uba ya san abin da yake sa wa hannu. Darasin addini wajibi ne ga kowa, ana jarrabawarsa, makinsa na shiga sakamako. Ana karanta Littafi Mai Tsarki, tarihin coci da ɗabi'a bisa koyarwar Katolika. Idan makaranta ta taru don sujadar Mas, kowa na halarta. Wanda ba Katolika ba ba ya karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasar da liman ke rabawa a Mas: ko ya zauna a kujerarsa, ko ya bi layi ya harɗe hannuwa a ƙirji, liman ya gane ya sa masa albarka kawai. Akwai gicciye a bangon azuzuwa, ana kuma buɗe darasi da addu'a.

Abubuwan da ya kamata a tambaya a rubuce kafin a biya ko sisi: inda yaro zai yi azahar da la'asar, ko za a ba shi izinin fita Juma'a, tunda lokacin yana faɗawa tsakiyar darussa, yadda ɗakin cin abinci ke nuna abin da ke da naman alade, da wanda zai ajiye masa abincin sahur da buɗa-baki, domin kicin na rufewa da wuri. Masallatai ba su da wuya a yankin, har da Cibiyar Musulunci ta Washington da aka buɗe a 1957, amma ɗan kwana ba ya fita sai da izini. Wasu iyalai na ganin wannan zama ya yi musu, wasu ba sa gani. Shawarar ta gida ce, a yanke ta tare da yaron.

Mece ce keɓewar da ake kai ɗalibai, da aikin taimakon jama'a?

Kowane aji na da lokacin da ake janye shi daga karatu don nazarin kai, wani abu mai kama da halwa. Mafi shahara a makarantun Jesuit ita ce Kairos, ta kwana uku zuwa huɗu, ga manyan ɗalibai. Ana karɓe wayoyi da agogo, ɗalibai 'yan'uwansu ne ke jagoranta, kuma waɗanda suka je ba sa faɗa wa na baya abin da ke ciki. Akwai kuma gajeren hisabin kai da Ignatius ya koyar, na 'yan mintoci: mutum ya waiwayi yininsa, ya gode, ya ga inda ya kauce, ya ƙudura gyara gobe.

Aikin taimako sharaɗi ne na kammalawa, ana lissafa awoyinsa: rabon abinci ga marasa gida, koyar da yaran unguwannin talakawa, zama da tsofaffi. Tushensa jawabin da shugaban ƙungiyar, Pedro Arrupe, ya yi a Valencia a 1973, inda ya gaya wa tsofaffin ɗaliban Jesuit ƙiri-ƙiri cewa ba a tarbiyyantar da su kan adalci ba, kuma burin makarantun daga yanzu shi ne fitar da "mutane domin wasu". Masu suka na cewa awa arba'in a gidan marayu ba ta sauya ɗan attajiri. Ba su rasa gaskiya ba, ko da yake wasu yaran a nan suke fara sanin sunan talaka.

Yaya zaman masu kwana yake?

Yawanci biyu-biyu ake zama a ɗaki, da malamai masu kula da ke kwana a ginin. Da dare akwai karatun dole na wajen awa biyu, wato firef ɗin da muka sani, sannan a kashe fitila. Fita ƙarshen mako sai da izinin iyaye da sanin inda za a kwana. Ba a san bautar da babban ɗalibi ke sa ƙarami ba, irin wankin kaya da ɗebo ruwa. Wanda ya gwada zai gamu da ofishin ladabtarwa.

Abu biyu ke ba iyayen nesa mamaki. Na farko, tunda mafi yawan ɗalibai gida suke komawa, harabar kan yi tsit ranar Asabar, kewar gida ta taso. Na biyu, makarantun kwana na Amurka kan rufe ɗakunan kwana a dogayen hutu: na godiya a ƙarshen Nuwamba, na Kirsimeti, da na bazara a watan Maris. Dole a tanadi dangi ko amintaccen gida da zai karɓi yaro, ko kuɗin jirgi. Sanyin Janairu kuma ba irin na hunturun Jos ba ne. Ruwa na daskarewa, a sayi babbar rigar sanyi da takalmi a can, kada a dogara da wanda aka taho da shi.

Me ya sa ake yawan maganar wasanni?

Saboda a nan yawancin abota ke ƙulluwa. Shekara ta kasu uku: kaka ta ƙwallon Amurka, ƙwallon ƙafa da gudun dogon zango ce, hunturu na ƙwallon kwando, ninƙaya da kokawa, bazara kuma ta lakros, besbol, golf da tanis. Makarantar na fafatawa a rukunin IAC tare da Landon, St. Albans, Bullis, Episcopal da St. Stephen's & St. Agnes. Karawarta da Landon a lakros ita ce ke cika fili. Wasan na mutum goma-goma ne, kowa riƙe da sanda mai raga a kai, da ita ake cafe ƙwallo a jefa. Asalinsa na 'yan asalin Arewacin Amurka ne, kuma wani ɗan Jesuit, Jean de Brébeuf, na cikin Turawan farko da suka rubuta labarinsa a shekarun 1630.

Launin makarantar shuɗi ne da toka-toka, gādo daga Georgetown, wadda ta ɗauke su a 1876 don haɗa launin kakin sojojin Arewa da na Kudu, bayan ɗalibanta sun yaƙi juna a yaƙin basasar Amurka. Ana kiran 'yan wasanta Little Hoyas, daga kirarin "Hoya Saxa", gamin Girkanci da Latin mai nufin "kai, waɗannan duwatsu!"

Ta yaya ake neman shiga?

Ana farawa shekara guda kafin lokaci, yaro yana aji na 8. Daga Satumba zuwa Disamba ake cike fom ta intanet, a tura sakamakon shekara biyu zuwa uku na baya, da takardun shaida daga malaman Turanci da lissafi, waɗanda su malaman ne ke aikawa kai tsaye. Sai jarrabawar shiga, irin su SSAT, da ta ƙwarewar Turanci kamar TOEFL ga wanda ya fito daga waje idan an nema. Akwai ganawa da yaro, ido da ido ko ta bidiyo. Na kusa kuma kan yini guda yana bin wani ɗalibi aji-aji. Ana rufe karɓa wajen Disamba zuwa Janairu, amsa ta fito ƙarshen Fabrairu ko Maris. Ranakun na motsawa kowace shekara, a duba shafin makarantar.

Kurakuran da aka saba gani: uba ya rubuta wa yaro bayanin kansa, a ganawa kuma a ji bakin bai yi daidai da alƙalamin ba, sunan da ke fasfo ya saɓa da na sakamako, makarantar baya ta yi jinkirin aika takardu. Gurbi ya fi yawa a aji na 9. Daga na 11 ƙofar ta kusa rufewa.

Nawa ne kuɗin, kuma akwai tallafi?

A 'yan shekarun nan kuɗin jeka-ka-dawo ya haura dala 40,000 a shekara, na kwana ya haura 60,000, kuma kusan kowace shekara yana ƙaruwa. Ban da wannan akwai littattafai, kwamfuta, inshorar lafiya, kayan wasa, tufafi da jirgi. Tallafin da ake bayarwa na buƙata ne: iyaye su cike fom daban, su nuna abin da suke samu da takardun haraji, a lokaci ɗaya da neman shiga. Wanda ya bari sai an ɗauki yaro sannan ya nema, yakan tarar an rabe. Ɗalibin ƙasar waje ya tambaya tun farko ko ya cancanta, don makarantu da yawa na taƙaita tallafin ga mazauna ƙasa.

Ba duka makarantun Jesuit ne na masu kuɗi ba. Regis da ke New York, wadda aka buɗe a 1914, ba ta karɓar kuɗin makaranta ko kaɗan, sai dai yaran Katolika kawai take ɗauka. Makarantun Cristo Rey kuma, da suka faro a Chicago a 1996, ɗalibansu na aiki a ofisoshi wasu ranaku don biyan wani kaso na karatunsu.

Wace biza ake buƙata?

F-1, bizar ɗalibai. Bayan an ɗauki yaro kuma iyaye sun nuna shaidar kuɗin shekara, makaranta za ta ba da takardar I-20. Da ita ake biyan kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, dala 350, a cike fom DS-160, a biya kuɗin biza, a je ganawa a ofishin jakadanci. Ba a shiga ƙasar sai saura kwana 30 ko ƙasa da haka a fara karatu. Makarantar gwamnati wata 12 kawai ake yarda a yi da wannan biza, amma mai zaman kanta babu wannan iyaka. Takardar ɗauka daga makaranta ba ta tilasta wa jami'in biza komai, kuma an tsaurara dokoki kan wasu ƙasashen Afirka, don haka a tabbatar da halin da ake ciki kafin a biya kuɗin kama gurbi, wanda galibi ba a maidowa.

Me ya fi kayar da sabon ɗalibi?

Rubutu. Yaron da ya saba haddace bayanin malami ya maido shi a jarrabawa zai tarar ana so ya karanta littafi, ya ɗauki matsaya, ya kare ta a shafi uku zuwa biyar, ya kuma nuna inda ya samo kowace magana da ba tasa ba. Ɗauko sakin layi daga intanet ba tare da ambaton mai shi ba sata ce a wurinsu, ko da yaron bai san haka ba. Na biyu shi ne shiru. Kunyar da aka koya wa yaro a gida, ta sunkuyar da kai gaban babba, a can sai a ɗauka bai yi karatu ba, domin magana a aji na da maki. A gaya masa tun kafin ya tafi cewa tambayar malami, har ma da yi masa gardama cikin ladabi, ba raini ba ne.

Na uku, maki tarawa ake yi. Aikin gida, ƙananan gwaje-gwaje da rahoton ɗakin gwaji duk suna shiga, kuma sakamakon aji na 9 na cikin abin da jami'a za ta gani bayan shekara uku. Babu wata babbar jarrabawar ƙarshe da za ta wanke baya.

Yaya ake shirya su shiga jami'a?

Akwai ofishin da aikinsa ke nan. Daga aji na 11 kowane ɗalibi na da mai ba shi shawara, ya rubuta SAT, mai maki 400 zuwa 1600, ko ACT, mai 1 zuwa 36, ya tsara jerin jami'o'i: waɗanda ke da wuya, na daidai ƙarfinsa, da waɗanda ba a shakka. Zagayen farko na neman gurbi na rufewa wajen 1 ga Nuwamba, na gama-gari farkon Janairu, zaɓin ƙarshe kuma 1 ga Mayu. Kusan duk wanda ya gama na wucewa jami'a.

Su wa ta yaye, kuma me ya jefa sunanta cikin labarai a 2018?

Alƙalai biyu na Kotun Ƙolin Amurka: Neil Gorsuch, wanda ya gama a 1985, da Brett Kavanaugh, 1983. Sai Jerome Powell, 1971, wanda ya zama shugaban babban bankin ƙasar a 2018. Tsohon sanata Chris Dodd. Da ɗan ƙwallon kwando Roy Hibbert.

Lokacin da majalisar dattawa ke tantance Kavanaugh a 2018, Christine Blasey Ford ta ba da shaida cewa ya ci zarafinta a wani taron matasa a farkon shekarun 1980. Ya musanta, majalisar ta tabbatar da shi da ƙuri'a 50 da 48. Zaman ya tono maganar shaye-shaye da raina mata a tsakanin ɗaliban makarantun masu kuɗi na wancan zamani, ya kuma farfaɗo da tsohuwar gardama kan ware maza su kaɗai: masu goyon baya na cewa yaro ya fi sakin jiki ya yi waƙa ko ya faɗi damuwarsa idan babu 'yan mata, masu adawa na cewa rashin cuɗanyar ne ke haifar da rainin.

Batun cin zarafin yara a cocin Katolika fa?

Tambaya ce da ya kamata kowane uba ya yi ba tare da jin nauyi ba. Bayan tonon asirin da jaridar Boston Globe ta yi a 2002, bishop-bishop na Amurka suka kafa dokokin kare yara a taronsu na Dallas a shekarar. A Disamba 2018 lardin Maryland na 'yan Jesuit ya wallafa sunayen mambobinsa da aka samu zargi mai ƙarfi a kansu. A kowace makarantar kwana, a tambayi yadda ake binciken tarihin ma'aikata, dokar keɓewar babba da yaro, wanda yaro zai kai wa ƙara in ba ya son zuwa wurin mai kula da ɗakinsa, da ko ana sanar da hukuma. A Maryland doka ta wajabta wa malami kai rahoton duk abin da ya yi zargi.

Akwai irin waɗannan makarantu a Najeriya?

Akwai dangi. St. Gregory's a Legas, ta yara maza, tun 1928 take. A Kaduna, Kwalejin Rimi ita ce tsohuwar St. John's ta mishan ɗin Katolika, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970. 'Yan Jesuit kansu sun buɗe Loyola Jesuit College a Gidan Mangoro, Abuja, a 1996. Ta kwana ce, tsarin tarbiyyarta daga tushe ɗaya yake da na Georgetown Prep, sai dai maza da mata take ɗauka, shekara shida ake yi, kuma manhajar Najeriya take bi.